Salka Biyu a Bahar Maliya

Don girman Allah duk wanda ya gane hannuna kar ya faɗi sunana, ko a gidanmu ba a san ina rubutu ba.

An yi wani sarki a gaɓar Bahar Maliya, sunansa Mu'azu. Asalinsa mutumin tudu ne, sarauta ce ta kai shi bakin ruwa. Yana da ɗa guda tilo, Yarima Nuhu, wanda ya nace sai ya koyi nitso wurin Gambo, mai ciro wa fada lu'ulu'u. Ran nan da hantsi sai ga Gambo an shigo da shi a ɗaure, Yarima na biye, hancinsa na zubar da jini.

"Allah ya ba ka nasara, kashe ni ya so yi," in ji Yarima. "Muna ƙarƙashin ruwa sai ga shak, kifin nan mai cin mutum. Na yunƙura zan gudu sama, ya damƙe mini hannu ya manna ni da dutse, ya yanke kifin da na soko ya yar, har numfashina ya kusa ƙarewa."

Sarki ya ce, "Haka aka yi?"

Gambo ya ce, "Haka aka yi, ranka ya daɗe." Bai ƙara ba, shi ba mutumin fada ba ne. Sarki ya ce a sare kansa da la'asar.

Waziri Ɗalhatu ya yi tunani, in kisa Gambo ya nufa, me ya sa ya fito da yaron da rai? Sai ya durƙusa ya nemi a jinkirta. Sarki ya ce, "Waziri, kai da ko kwale-kwale ka gani sai cikinka ya juya? To, ka kawo hujja kafin la'asar, in babu, rawaninka ya bi kan Gambo."

Waziri ya sami Gambo a kurkuku ya ce, "Bawan Allah, me ya sa ka riƙe shi?"

"Ranka ya daɗe, kifin nan halin kare gare shi, wanda ya ba shi baya yana fantsama ruwa shi yake bi. Sai ka jingina da dutse, ka kafa masa ido, ka yar da abin da ke jini. In ya matso ka dungure masa hanci da gindin mashi, sannan ka hau sama a hankali, fuskarka na wajensa."

"Don me ba ka faɗa wa Sarki ba?"

"Bai tambaye ni dalili ba."

Waziri ya sa aka hura salka biyu, aka ɗaura musu igiya, aka kai su inda kifin ke yawo. Ya shiga jirgi tare da Sarki da Yarima da Gambo, yana salati. Ya miƙa wa Yarima igiya ɗaya ya ce, "Allah ya ja zamanin Yarima, ja yadda ka so ka gudu ɗazu." Ɗayar ya ba Gambo.

Yarima ya fizga da ƙarfi, salka na tsalle bisa ruwa. Gambo kuwa yana ja sannu-sannu kamar mai jan guga. Kifin ya wuce ta Gambo ko kallo bai yi ba, ya kai wa ta Yarima cafka ɗaya, sai guntun fata ya iso jirgi.

Waziri ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki adalci, mu mutanen tudu mun ɗauka gudu ne tsira. Da Yarima ya gudu ɗazu, da wannan fatar ƙafar magajinka ce."

Yarima ya daɗe yana kallon fatar, sannan ya ce, "Baba Gambo, hannun dai har yanzu ciwo yake."

Gambo ya ce, "Gode wa Allah da kake da shi."

Sarki ya kwance Gambo da kansa, ya naɗa shi Sarkin Ruwa, ya kuma yafa wa Waziri alkyabbarsa. Shi ya sa masu hikima suka ce, mai hukunci ya tambayi dalili kafin ya zare takobi, domin kan mutum ba reshe ba ne, ba ya toho.

Akwai kuma abin da Sarki ya gaya wa ɗansa a hanyar gida, ya ce masa... wai, ga takun Yaya nan a zaure, bari in ɓoye littafin