Kafaɗar da Malam Hashimu Zai Dafa

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, don in na gama sai kowa ya faɗi nasa, kuma ba zan karɓi "Allah ne masani" daga bakin kowa ba. Labarin nan duk sanda na tuno shi sai raina ya ɓaci, har yau kuwa ban gama sanin da wa nake fushi ba.

An yi wani mutum, Malam Hashimu, ɗan limamin wani ƙauye a ƙasar Daura. Karatu ya kai shi wata ƙasar Turawa mai sanyi, zama ya kama shi, ya ɗauko matarsa Hajiya Uwani, suka yi 'ya'yansu a can. Ya samu aiki a ofishin rajistar aure na wani ƙaramin gari, tun yana jera takardu har ya zama shi ne shugaba. Duk takardar auren da ta fita daga ofishin, sunansa ne a buge a ƙasanta, ko shi ya sa hannu ko mataimakinsa.

Kun dai san yadda ake yi a nan. A wurin ɗaurin aure waliyyi ne yake buɗe baki ya ce "na bayar", jama'a su shaida, a shafa fatiha. Malam Hashimu ya taso a gefen buzun mahaifinsa yana jin kalmar nan, yana kuma jin tsohon yana cewa ranar gobe za a tambayi mutum kowace "na bayar" da ta fita daga bakinsa. To shi a zuciyarsa, sunan nan na ƙasan takarda "na bayar" ne. Baturen da ya koya masa aikin ya sha gaya masa shaida ce kawai ta an cika ƙa'idar hukuma. Yakan ce to, amma bai taɓa yarda ba. Shi ya sa shekara ashirin da biyu, ko su wa suka zo, Kirista ko marasa addini, sai ya miƙe tsaye ya miƙa musu takarda da hannu biyu, kamar 'yar cikinsa ya aurar.

Ana nan sai majalisar ƙasar ta yi doka ta halatta auren jinsi, aka aiko wa kowane ofishi umarni. Malam Hashimu ya karanta, ya tura takardar cikin aljihun tebur, yana addu'ar kada abin ya biyo ta garinsu. Ba a yi wata biyu ba ya biyo.

Wanda ya zo ɗin ma ba baƙo ba ne. Tomas ne, mai gyaran famfo, wanda shekarar da ƙanƙara ta fasa bututan wurin alwalar masallacinsu ya kwana biyu yana gyarawa, ya ƙi karɓar ko sisi. Shekara goma sha tara suna gida ɗaya da wani mai suna Martin. Yanzu Martin yana kwance a asibiti da ciwon daji, danginsa sun ce kada a bar Tomas ya shiga, asibiti kuma sun ce ba su san shi ba sai da takardar aure, ita ce ya zo nema.

Malam Hashimu ya ce, "Tomas, ka roƙe ni komai ban da wannan. Ba zan iya cewa na bayar ba."

Tomas ya ce, "Ban ce ka ba ni kowa ba. Takarda nake so in shiga ɗakin da yake kwance."

Malam ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma ya kafe. Bai tsaya nan ba, ya hana mataimakinsa ma bayarwa, tunda sunansa zai fito a jiki. A ranar Tomas ya kai ƙarar gaggawa. Alƙali ya ba Malam zaɓi, ko ya bayar, ko ya ajiye aiki. Ya ce ba zai bayar ba don yana tsoron Allah, ba zai ajiye ba don bai saci kayan kowa ba. Rabin farko imani ne, wannan na yarda. Rabin na biyu kuwa taurin kai ne irin na gidansu. Alƙali ya ce ya raina kotu, a kai shi gidan yari sai ranar da ya bi doka.

Nan fa mutanenmu na can suka samu abin yi. Aka buga hotonsa a riguna, aka yi ta tura shi a waya, ana kiransa gwarzon addini. Shugaban kwamitin masallaci ya yi jawabi har muryarsa ta dushe. A cikin masu kabbarar nan duka babu wanda ya taka ƙafa ya je ya gan shi, babu kuma wanda ya tuna mutumin nan yana da ciwon suga da wani miki a ƙafar hagu da ya daɗe yana jinya. Abincin gidan yari bai karɓe shi ba, baƙin ciki ya hana shi barci, mikin ya buɗe ya fara wari. A kwana na tara likitan gidan ya ce in ya ci gaba da zama a haka, ƙafar za ta tafi daga gwiwa, in ma an yi sa'a ta tsaya a ƙafar. Da aka gaya wa Malam sai ya ce su yanke.

Alƙalin ba mugu ba ne, shi ma neman mafita yake. Ya ce zai sake shi in abu uku suka haɗu: a kawo masa hujjar da zai cire sunan Malam daga takardun, a samu wani a ofishin ya sa hannu, mai ƙara kuma ya janye. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani.

Mutum uku suka ɗauki nauyin abubuwan nan uku. Ta farko ita ce 'yarsa Balaraba, wadda ta karanta shari'ar ƙasar. 'Yar fari ce, don haka tunda aka haife ta Malam bai taɓa faɗin sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Ta roƙe shi ya bar ta ta yi magana a kotu, ya hana ta. Ta shafa wa idonta toka ta tashi. Yana zaune cikin kayan fursuna, ta bayyana wa alƙali mene ne waliyyi, mene ne "na bayar", da yadda uban nata ya ɗauki hatimin hukuma a matsayin aurar da 'ya. Sannan ta faɗi abin da ba ta da hanyar kauce masa, ta ce mahaifinta kuskure ya yi, ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, kuma in aka cire sunansa ba abin da doka za ta rasa. Wasu a bayan kotu suka ɗan yi dariya. Malam ya ji kamar an tuɓe masa rawani a tsakiyar kasuwa. Ya daka tsawa ya ce, "Balaraba!" Ta tsaya cak, don shekara talatin ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Sannan ta ƙarasa maganarta, alƙali ya amince a cire sunan. Daga ranar mutanenmu suka sa mata suna wadda ta ƙaryata ubanta a gaban Turawa.

Na biyu shi ne Inuwa, mataimakinsa a ofis, amininsa tun suna samari, kuma ladanin masallaci. Kada ku ɗauka shi abin bai dame shi ba. Abin da Malam ya yi imani da shi, shi ma da shi ya yi imani. Ya je wurin malamai uku ya tambaya, ya dawo da amsa uku. Ya yini yana kai-kawo a ofis, sauran ma'aikata duk sun noƙe suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa. Daga ƙarshe ya ɗauki biro ya sa hannu, ya kai takardar asibiti da kansa, ya tsaya har aka buɗe wa Tomas ƙofa. Kafin la'asar kwamiti sun karɓe lasifika daga hannunsa, mutumin da ya shekara sha biyar yana kiran salla. Yana yin sallama a yi kamar ba a ji ba. Washegari ya je gidan yari.

Ya ce, "Malam, na sa hannu. In zunubi ne, nawa ne, ba naka ba."

Malam ya ce, "Ni na ce ka ɗaukar mini? Kwana goma ina ruɓewa a nan don kada takardar nan ta fita, kai kuma ka fitar da ita cikin minti ɗaya." Ya juya masa baya har lokacin ziyara ya ƙare.

Ta uku ita ce Hajiya Uwani. Tomas ya samu takardarsa, amma ya rantse ba zai janye ba, kuma wa zai ga laifinsa? Kwana goma sha ɗaya aka cinye masa daga ɗan abin da ya rage wa Martin. Hajiya ba ta jin yaren ƙasar sai na cefane, ba ta san kan doka ba. Abin da ta sani shi ne in mutum ba shi da lafiya ana zuwa dubiya, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Ta dama kunun gyaɗa ta cika filas, ta je ta zauna a barandar asibitin. Ranar farko Tomas ya wuce ta kamar bai ga kowa ba. Rana ta biyu ya ce wa ma'aikata su kore ta, ta fita ta zauna a bakin ƙofa cikin sanyi. Rana ta uku da ya fito sai ta durƙusa har ƙasa, mace mai jikoki, wadda ta je Makka sau biyu. Ba ta ce mijinta ya yi daidai ba, ba ta ce ya yi kuskure ba. Ta nuna ɗakin da Martin yake, ta dafa ƙirjinta, sannan ta nuna ƙafarta ta hagu, ta miƙa masa filas ɗin. Ya daɗe a tsaye kafin ya karɓa. An ce Martin ya sha cokali biyu, ya ce wa Tomas ya bar tsohon nan ya koma gida. Tomas ya janye. Bayan kwana shida Martin ya rasu, hannunsa a cikin na Tomas.

Wani ɗan gulma ya ɗauki hoton durƙuson, kuma a jarida Malam ya fara ganinsa, mayafin matarsa yana jan ƙasa a gaban mutumin da ya sa aka ɗaure shi. Matan Islamiyya suka daina gaishe ta. Da ta zo ganinsa ya ce mata da ta bari an yanke ƙafar da ya fi masa sauƙi. Ta ce masa ita ce za ta yi jinyar dungun, ba kwamiti ba.

Aka sake shi, aka wuce da shi asibiti kai tsaye. Yatsu biyu suka tafi, ƙafar ta tsira. Mako uku yana kwance, bai yi wa ko ɗaya daga cikin ukun magana ba. Yana kwance yana lissafa abin da suka yi masa, ɗaya ta ce ya yi kuskure a bainar jama'a, ɗaya ya aikata abin da ya shiga kurkuku don kada a aikata, ɗaya ta kai gwiwarta ƙasa. In ya gama sai ya kalli ƙafarsa da ke nan a jikinsa, ransa ya ƙara ɓaci, don ya san ba don su ba da babu ita. Wani lokacin kuma sai kwana sha ɗayan nan na Tomas su faɗo masa, ya rasa inda zai sa su.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka kawo shi gida. Jama'a sun cika layin, ana kabbara, ga rigunan nan masu hotonsa. A ƙofar gidan akwai matakala mai hawa biyar, siririya, mutum biyu kawai take ɗauka a jere, shi kuwa ba zai iya hawa ba sai ya dafa wani. A gindin matakalar mutum uku suna tsaye, jama'a sun ja baya sun bar musu fili kamar masu cutar da ake ɗauka. Balaraba ta sunkuyar da kai. Inuwa ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Hajiya Uwani tana riƙe da makullin gida.

Shugaban kwamiti ya yi maza ya ratso, yana gyara babbar riga, ya kawo kafaɗarsa. Malam ya kalle shi daga sama har ƙasa, mutumin da bai leƙa shi ko sau ɗaya ba, ya ce, "Matsa."

Kowa ya gane abin da ke gaba, shi ma ya gane. Duk wanda ya dafa a cikin ukun nan a gaban wannan taro, ya wanke shi ke nan, ba mai sake buɗe baki a kansa. Sauran biyun kuwa za su biyo baya da abin da ke kansu. Fushinsa da su bai huce ba ko kaɗan, ƙafar da yake tsaye a kanta ta fara rawa, kuma ba zai iya daɗewa a haka ba.

'Yar ta ba da mutuncinta a idon ubanta. Aminin ya sa hannu a abin da yake tsoron a tambaye shi gobe. Matar ta durƙusa wa wanda mijinta ya mayar daga bakin ƙofa. Cire ɗaya a cikinsu, da yanzu Malam Hashimu yana gidan yari da dungu.

To, ku da kuke zaune a nan da ƙafafunku biyu lafiya lau, ku gaya mini, kafaɗar wa ya kamata ya dafa?