Ranar da Rassan Ceri Suka Dawo Gida

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu da ke kan tudu bayan garin Da Lat, ana kiransa Baba Khiem. Sana'arsa yi wa itatuwa aure: ya yanko reshen bishiya mai kyau, ya tsaga jikin wata, ya soka, ya ɗaure, su zama ɗaya.

A bayan gidansa akwai tsohuwar bishiyar ceri da mahaifinsa ya dasa. Furenta ninki-ninki ne, jaja-jaja, babu irinsa a duk yankin. Idan ta yi fure gab da bikin sabuwar shekara, har amare ke zuwa ɗaukar hoto a gindinta.

Duk wanda ya roƙi reshe, sai ya yankar masa. Ya kuma hau tsohon babur ɗinsa ya je ya ɗaura da hannunsa. Ladansa kofin gahawa.

Maƙwabcinsa Loc, sa'ansa kuma abokin tsokanarsa, ba ya ganinsa ya ƙyale.

"Waliyyin itatuwa! Yau kuma 'yar wa za a aurar? Kana da abin da babu mai shi, kana rabawa kamar alewa. Ni da tawa ce, katanga zan zagaya mata, ko tsuntsu sai ya nemi izini."

"Shi ya sa ko tsuntsun ba ya leƙa gidanka," in ji Baba Khiem.

Wata damina aka kwana tara ana ruwa. Tudun bayan gidan ya zabtare, ya tafi da bishiyar har saiwarta. Ba a yi asarar rai ba, amma tun daga ranar Baba Khiem ya daina fita, ya daina dariya.

Matarsa, Inna Tuyet, takan ajiye masa shinkafa ta ce, "Tsoho, ka ci ko cokali biyu ne."

Sai ya ce, "Abu ɗaya tak mahaifina ya bar mini, na kasa riƙewa."

Da sanyi ya shigo, itatuwa suka zubar da ganye, wata safiya sai ga ƙarar babura a ƙofar gida. Ya leƙo, ya ga mutane sun fi ashirin, kowa riƙe da ƙunshin ganyen ayaba.

Wata mai sayar da furanni ta fara kwance nata. Rassan ceri ne 'yan sirara, idanun tohonsu sun kumbura.

"Baba, daga wadda ka ɗaura mini shekarar da na yi aure. Yanzu ta fi rufin ɗakina tsawo."

"Ga na makaranta," in ji wani malami.

"Ga na kabarin kakata."

Baba Khiem ya ɗauki reshe ɗaya, ya kankare ɓawon da farce, ya ga kore shar. Hawaye na zuba, yana dariya.

Can sai ga Loc ya kutso da ƙunshin da ya fi na kowa girma.

"Kai kuma ina ka samo? Ban taɓa ba ka ba!"

Loc ya sosa ƙeya. "Ka tuna shekarar da ka tafi ɗaurin auren ɗan ƙanwarka? To... na ɗan tsallako na yanki reshe. Bishiyar tana bayan akurkin kajina."

"Ɓarawo! Kai da ko barkono ba ka iya dasawa, wa ya ɗaura maka?"

Inna Tuyet ta yi gyaran murya. "Sau uku yana gwadawa tana mutuwa. Tausayi ya ba ni."

"Har da ke, matar nan?"

Wurin ya kaure da shewa. Baba Khiem ya shiga ɗaki ya fito da wuƙarsa, ya nufi 'yan itatuwan cerin daji da suka tsiro a bakin shinge.

"Loc, zo riƙe mini nan. Tunda ka iya sata, yau ka koyi sana'a."

Rassa talatin da ɗaya suka ɗaura ranar, ashirin da shida suka kama. Bana suka yi furen fari, tun daga shingen har bakin hanya.

Darasi: Abin da ka ƙulle a gidanka, ruwan kwana tara ya isa ya tafi da shi. Abin da ka raba wa mutane kuwa ajiya ce, ranar da ka rasa za ta nemo ka har ƙofa. Ku tura wa wani mai buɗaɗɗen hannu da kuka sani, ya ji cewa ba asara yake yi ba.