Igiyar da Hassumi Ya Ƙi Ja

Akwai wani ɗalibi a Alƙahira, wajajen 1978, ana ce masa Hassumi. A unguwar Madinat Nasr yake zaune, karatu ya karɓe shi, rigarsa kullum fara ƙal.

Yana da wa, Bukari, wanda bai yi karatu ba. Shi aikinsa a wani jirgin ruwa ne, dogo siriri, mai kai tuluna ƙauyuka ta tur'a, wato hanyar ruwan da aka haƙa tsakanin gonaki. Iska ce ke tura jirgin. In ta ɗauke, sai mutum ya sauka gaɓa, ya ɗaura igiya a ƙirji ya ja.

Wata rana Bukari ya zo masaukin ƙanensa. Ya rame, amma Hassumi taɓon takalmansa kawai ya gani.

"Zo ka raka ni tafiya ɗaya," in ji Bukari. "Akwai maganar da nake so mu yi."

"Yaya, faɗe ta nan mana."

"Ba maganar tsaye ba ce."

Suka tashi. Jirgi na tafiya kamar mai tsoron tada ruwa. Gonakin auduga na wucewa, mata na wanki a gaɓa. Bukari ya yi ta hirar gida, rijiyarsu, furar innarsu. Hassumi na duba agogo.

Rana ta biyu iska ta ɗauke. Tsohon da ke tuƙi, Rayyis Sa'id, ya ce, "Yalla ya ustaz, sauka ka kama wa ɗan'uwanka. Igiya ba ta karya alwala."

"Karatu na zo yi Masar, ba aikin jaki ba."

Bukari ya yi dariya. "Ma'alish, yi haƙuri Rayyis, ƙyale shi. Kafaɗar malam ta littafi ce."

Ya sauka shi kaɗai. Tun hantsi yake ja har la'asar, yana tari, yana tsayawa, yana ci gaba.

Da suka iso wata gada, Hassumi ya hango motar Alƙahira.

"Khalas, ya isa haka, Yaya. Tafiyar da mota ke yi a awa biyu! In ka dawo ma yi maganar."

"Saura kaɗan, Hassumi. Bari in huta tukuna..."

Mota ta tashi da Hassumi.

Bayan kwana shida, Rayyis Sa'id ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Ɗan'uwanka ya rasu washegarin tafiyarka. Ƙirjinsa ne. Likita ya daɗe da hana shi jan igiya. Mutanen ƙauye suka yi masa sutura."

Hassumi ya ce, "Me yake so ya faɗa mini?"

"Na tambaye shi, ya ibni, ɗana. Ya ce maganar ta ƙanensa ce."

Hassumi ya bi jirgin a tafiya ta gaba. Da iska ta ɗauke, bai jira a ce masa ba. Ya sauka da farar rigarsa, ya ja har ƙirjinsa ya saluɓe, har suka kai ƙauyen.

Ya durƙusa gaban kabarin ya ce, "Yaya, ga ni na zauna. Faɗa mini."

Ruwa ne kawai ke wucewa, a hankali.

Darasi: In naka ya ce ka zauna, zauna, ko da tafiyar ta yi maka nawa. Girman kai da gaggawa na iya raba ka da maganar da ba za a sake faɗa ba. Ka tura wa ɗan'uwanka wannan tun yana iya amsa sallamarka.