Mai Jigidar Macizai

Ga ta nan ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta.

A wata kasuwar daji akwai maƙeran kayan ado huɗu. Dila na 'yan kunne, Biri na awarwaro, Zalɓe na sarƙa. Sai Kurege can ƙarshen layi, shi kowanne yana taɓawa, ba wanda ya ƙware a kai.

Ya ƙera 'yan kunne, Zomanya ta juya su ta ce, "Na Dila sun fi kyau." Ya ƙera awarwaro, Barewa ta ce, "Na Biri sun fi sheƙi." Ya ƙera sarƙa, Jimina ta ce, "Wannan ko rabin wuyana ba ta kai ba." Kasuwa ta ci ta watse har sau uku, tukunya ba ta hau murhu a gidan Kurege ba.

Ran nan sai ga Kububuwa ta shigo kasuwa, bikin ƙanwarta ya matso, tana neman abin kwalliya. Ta je wajen Dila, ya ce, "Ina kunnen?" Ta je wajen Biri, ya ce, "Ina hannun?" Ta je wajen Zalɓe, ya kalle ta daga kai har wutsiya ya ce, "Baiwar Allah, wuyan naki a ina ya tsaya?" Kasuwa ta kwashe da dariya.

Sai ta ja jiki ta nufi rumfar Kurege, idonta ya cika da ƙwalla. Kurege kuwa macizai sun cinye masa kawu biyu da gwaggo ɗaya. Sai ya yi tsalle ya ɗare kan rumfa, daga can ya leƙo.

"Ranki ya daɗe, rabu da su, ba su da ido. Mace mai ƙugu ɗaya tana ta yanga da jigida, balle ke da jikinki duk ƙugu ne!"

Kububuwa ta waiga ta dubi jikinta. "Allah, Malam Kurege?"

"Wallahi. Miƙe in auna."

Ya ziro dogon kara daga sama ya auna ta. Ya zuga wuta, ya ƙera jigida bakwai na tagulla, kowacce ya rataya mata 'yan ƙararrawa. Ta sa, ta motsa, sai cas, cas, cas.

"Wannan ƙarar fa?"

"Ai ita ce adon. Manyan mata ba sa shiga wuri shiru."

Ranar biki ba a kalli amarya ba. Kashegari sai ga matar Kumurci, sai ga matar Kasa, sai ga 'yan matan Tsadaraki a jere. Kurege ya watsar da 'yan kunne da sarƙa, ya ce shi daga yau jigidar macizai kaɗai ya sani. Ya ƙara rumfa, 'ya'yansa suka yi kumatu.

Dila ya ga haka, ya ce shi ma zai iya. Ya sa hannu zai auna matar Kumurci, ashe ba ta son a taɓa ta. Sai ta tofa masa yawu a ido. Ya kwana bakwai yana laluben ƙofa.

Can cikin daji kuwa, da an ji cas, cas, sai ɓera ya faɗa rami, kwaɗo ya faɗa ruwa, dangin Kurege su haye itace suna ƙyaƙyata dariya.

Sai wata rana da hantsi ga Mesa, uwar macizai duka, ta rame har jigida tana zamewa. Kafin Kurege ya yi tsalle ta naɗe shi.

"Munafuki! Wata biyu ko ɓera ban kama ba. Yau kai ne kalacina."

Kurege ya dube ta ya ce:

"To Iya, haɗiye ni. Amma in na shiga ciki, cikin zai kumbura, jigida ta matse ki. Wa zai sassauta miki? Dila?"

Mesa ta ɗan saki. "To cire min ƙararrawar."

"Yanzu kuwa. Sai dai jibi akwai suna a gidan Kumurci. Kububuwa za ta shigo da amonta, kowa ya waiga. Ke kuma ki sulalo shiru kamar mai zuwa ta'aziyya."

Mesa ta daɗe tana lasar baki.

"Nawa ne a jikin Kububuwa?"

"Bakwai, Iya."

"Yi min goma sha huɗu. Masu ƙara sosai."

Ta warware shi. Da za ta tafi ta ce, "Cin fa?" Kurege ya rage murya ya ce, "Iya, ƙwai ba ya jin ƙararrawa, kuma ba ya gudu." Sai Mesa ta juya ta nufi unguwar zabi, cas, cas, cas.

To kun ji. In sana'a ta yi cunkoso, nemi wanda kowa ya kora ka ƙware a kansa, har ya zama ba shi da kowa sai kai. In kuma mai dafi ne, ka auna shi da dogon kara.

Ƙurunƙus, kan kububuwa.