Kujera Ɗaya a Ranar Rantsar da Atika

To, ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau shari'a za ku yanke mini. Ni kaina na daɗe ina juya ta, kuma har yanzu ban iya yanke ta ba.

Akwai wani mai gyaran keke, Malam Barau, shi da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba. Suka je gidan marayu suka karɓo jaririya 'yar wata huɗu, Atika, sannan suka bar garin gaba ɗaya don kada wani ya taɓa ce mata 'yar riƙo. Da ya kai ta firamare, sunansa ya sa a bayan nata. Matar ta rasu, shi ya ci gaba da reno. Yarinya ta tashi da ƙwaƙwalwa ta ban mamaki, har ta samu gurbin karatun likita. Sai dai kuɗin makarantar, ko Barau zai liƙe tayar duk kekunan garin, ba zai haɗa na shekara guda ba. Aka ce kwana goma sha biyu, in ba a biya ba, a ba wani ɗalibi gurbin.

Barau ya kai kukansa wurin Malam Sabi'u, malaminta na sakandare. Mutumin nan ba ya karanta takarda ya tsallake layi. Ya zauna yana karanta wa Barau jerin masu ba da tallafin karatu, har ya zo kan wata gidauniya, ya ce, "Wannan ba ta shafe ku ba, ta yaran da aka karɓo riƙo daga gidan marayu ce."

Barau ya matso kusa da takardar. Can ya ce, "Malam, sake karanta mini."

Nan Sabi'u ya gane. Gidauniyar tana son abu biyu: shaidar gidan marayu, da rantsuwar mai riƙo a gaban alƙali. Sabi'u ya je gidan marayun, aka ce ambaliya ta cinye rajistar shekarun nan. Da wani ne, da ya juya. Shi kuwa ya hau babur ɗinsa, kwana shida yana bin ƙauyuka yana cigiyar wadda ta yi reno a gidan, har ya same ta.

Inna Kande ke nan, tsohuwa tukuf, idanu sun tafi. Tun tana aiki ba ta yarda da rajistar ofis ba, don haka duk jaririn da aka kawo sai ta rubuta shi da ajami a ɗan littafinta: ranar zuwansa, alamar jikinsa, da wanda ya karɓe shi. Aka kai ta kotu da littafin. Alƙali ya ce ta yaya zai tabbatar rubutunta ne, alhali ba ta gani? Ta ce, "Allah ya gafarta malam, a buɗe ko'ina." Magatakarda ya riƙa buɗe shafi yana faɗin rana, ita tana kawo suna da alama da ka. Yara ɗari biyu da wani abu, jama'a, ba ta kuskure ɗaya ba. Da aka zo kan Atika ta ce, "Mai baƙin tabo a bayan kunnen hagu. Ranar Talata mai gyaran keke ya tafi da ita." Atika ta ɗaga mayafinta. Sai ga tabon nan a bayan kunnenta na hagu.

Saura Barau. Dama tun kwana ɗaya kafin wannan zaman kotun, bayan la'asar, ya zaunar da ita ya gaya mata abin da ya ɓoye shekara goma sha takwas. Ta yi kuka har ta gaji, ta ce, "Baba, a bar karatun. Ba sai ka faɗa a gaban mutane ba."

Ya ce, "Yi shiru, Atika. Sunan nan ni na sa miki, ba zan bari ya tare miki hanya ba."

Washegari ya tsaya, maƙwabtansa na kallo, ya rantse cewa ba shi ya haife ta ba. Wallahi ban san abin da ya fi wannan nauyi a bakin uba ba. Takardu suka shiga saura kwana ɗaya, aka ba ta tallafin har ta gama.

Yanzu ga ranar rantsar da sababbin likitoci ta zo. Kowane ɗalibi kati ɗaya aka ba shi, na kujerar gaba, ga wanda zai tashi ya sa masa farar riga. Su ukun duk suna raye, kuma kowannensu ya ce a ba ɗayan. Ba don Sabi'u ba, ba a san da tallafin ba, ba a ga tsohuwa ba. Ba don Kande ba, babu shaida. Ba don Barau ya rantse ba, duk wahalar ta tashi a banza.

Atika na riƙe da katin, ta rasa hannun da za ta miƙa wa. To, ku da kuka ji, wa za ta ba?