Likitan Da Ba Ya Son A Kira Shi

An yi wani mutum, babban likitan tiyata, da aka ba amanar horar da ƙananan likitoci, ya ci amanar. Bai saci komai ba. Gajiya ya yi, ya sake su tun ba su kai ba.

Ya 'yan uwa, aikin nan yana da tsari. Sabon likita da kallo yake farawa. Sannan a ba shi ɗinki. Sannan a ba shi wuƙa, babba na tsaye a kansa da safar hannu. In hannunsa ya faɗa, babban ya koma bakin ƙofa, daga baya ya koma ofis, ya ce, "In ka ga abin da ba ka gane ba, kira ni." Wannan kiran shi ke riƙe da ran majiyyaci.

Shi mutumin nan tsayuwar ce ta ishe shi. Shekaru sun ja, baya na ciwo, fitilar ɗakin tiyata na sa masa ciwon kai. Sai ya leƙo daga ƙofa, ko takalmi bai canza ba, ya ce, "Ci gaba, na yarda da kai." Ya koma ofis ya miƙe ƙafa.

Wanda ya kira shi kuwa ya shiga uku. Babban zai zo yana jan ƙafa, ya ce a gaban ma'aikatan jinya, "Likita, ko in aika a zo da mamarka ta riƙe maka hannu?" A yi dariya. Yaran suka sa masa suna Kar-a-kira.

A cikinsu akwai wani mai yawan kunya da ake ce wa Dogo. Sau ɗaya ya kira, ya sha dariyar, bai sake ba. Da lokaci ya yi, babban ya shaida cewa Dogo ya isa ya yi tiyata shi kaɗai. Ya shaidi abin da idonsa bai gani ba. In wannan ba shaidar zur ba ce, mece ce?

Wata rana da tsakar rana ciwon ciki ya kayar da babban a farfajiyar asibiti. Hanji ne ya murɗe, ba jira. Wa ke bakin aiki? Dogo.

Babban na kwance kan gadon tiyata, fitilar nan da ya tsana tana kansa, ya yi ta lalube a ransa ko ya taɓa ganin yadda yaron nan ke ɗaure jijiya. Bai tuna ba, don bai taɓa tsayawa ba. Ya kamo rigarsa.

"Dogo, in ka ga wani abu, ka kira wani babba."

"Haba Yallaɓai, kwantar da hankalinka. Ai kai ka koya mana."

Ana cikin aiki jijiya ta ɓalle, jini ya cika ciki. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Likita, a kira na sama?" Akwai wani babban likita a bene, yana duba marasa lafiya. Dogo ya ce, "Bari, zan iya." Ya yi ta fama, gumi na zubo masa. Kafin ya yarda a kira, jini ya daɗe bai isa ƙwaƙwalwa ba.

Ya 'yan uwa, duk wanda aka ba wani ya koyar, direba ne ko magini ko likita, kar ya sake shi sai ya gani da idonsa. Kuma kar ya kunyata mai tambaya. Mutum nawa aka binne kafin wannan rana saboda kiran da ba a yi ba? Shi mutumin nan kansa bai sani ba, amma za a tambaye shi.

Bai mutu ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, har hannun da yake riƙe wuƙa. Yanzu yana kwance a ɗaki, ko juyawa zai yi sai ya kira. Matarsa ta tsufa, 'ya'ya na wurin aiki. Yakan daɗe yana kira kafin a zo.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar da ba a ganinta sai ta dawo kanmu. Amin.