Tafkin da Aka Rufe

An yi wani mutum, wani bawan Allah, sunansa Barnaba. Masunci ne a wani ƙauye da ba sai na ambaci sunansa ba, tun zamanin da masu bi ba su cika benci biyar ba. Kafin ya karɓi bishara, ɗan gidan masu tsafin ruwa ne. Kawunsa Nomau shi ne Sarkin Ruwa.

Al'adar garin ita ce: da damina ta faɗi, Sarkin Ruwa zai kafa reshe a bakin tafki. Daga ranar ba mai jefa homa sai bazara, in ya yanka baƙin bunsuru ga iskokin ruwa ya cire reshen.

Wata shekara gero bai yi ba. Sila, dattijon ikilisiya, ya tara masu bi ya ce, "Allah ya ba mutum iko a kan kifaye. Reshe ne zai hana mu? Gobe kowa ya fito da tarunsa." Suka fita. Barnaba ya zauna a gida yana ɗinke homarsa.

Ku saurara. Gidansa ma kunu ake sha ba tuwo.

Ran Lahadi Sila ya tsayar da shi gaban jama'a. "Barnaba, iskokin kawunka kake tsoro?"

"A'a, Baba."

"To me ya hana ka?"

"Kifin bai girma ba. Kuma ruwan na garin nan ne duka, ba namu kaɗai ba."

Aka ce wayo ne, ƙafarsa ɗaya tana coci ɗaya tana tsafi. Aka sa masa horo: ya zauna bakin ƙofa, ba zai ci Jibin Ubangiji ba sai ya tuba. Bai yi musu ba. Ya ɗauki tabarmarsa ya koma bakin ƙofa. Wata da watanni ƙoƙon Jibin yana wuce shi, kuma ba abin da ya fi masa ciwo kamar wannan.

Wata rana ya iske Nomau a bakin tafki.

"Na ji mutanenka sun kore ka," in ji tsohon. "Dawo gida mana."

"Ba su kore ni ba, Kawu. Kusa da iska suka sa ni, ciki zafi."

Nomau ya yi dariya. "Ni ban gane rigimarku ba. Wa ya yi ruwa? Allah. Wa ya yi kifi? Allah. Mun taɓa musu? Ya gama aikinsa ya hau sama, ya bar kowane wuri da mai tsaronsa. Kai in ka je fada, sarki kake fara gani ko dogari?"

"Mu an koya mana bai tafi ko'ina ba. Yana nan, ya san kowace tarwaɗa. Tsaron kuwa, a hannun mutum ya sa shi."

Nomau ya nuna sawun tarun masu bi a laka. "To ga aikin masu tsaron."

Ba kowace magana ce take da amsa ba, 'yan'uwa.

Bazara ta zo. Nomau ya yanka bunsurunsa, aka gasa, ya ɗauki cinya da hannunsa ya miƙa wa Barnaba a gaban kowa. Ku tuna, mutumin nan ya daɗe bai ga nama ba.

"Na gode, Kawu. Ba zan ci ba."

"Kana ƙin hannuna?"

"Hannunka ba na ƙin sa. Iskokin da aka yanka wa ne ba nawa ba."

Ya matsa gefe, ya durƙusa ya gode wa Mahaliccin ruwa, sannan ya shiga da homarsa tare da kowa.

Nomau ya ji haushi. Washegari ya tare Sila a kasuwa. "Wane irin taurin kai kuka koya wa yaron nan? Reshena ya girmama, namana ya ƙi. A gaban mutane." Lahadi mai zuwa shi da kansa ya kai wa Barnaba ƙoƙon har bakin ƙofa.

Kuna jira in ce Nomau ya tuba. Bai tuba ba. A kan tsafinsa ya mutu, kuma Barnaba ne ya haƙa kabarinsa.

Ga abin da nake so ku tafi da shi. Abin da kakanni suka kiyaye ba duka ne na duhu ba, ba kuma duka ne na haske ba. Mai bi na gaskiya ya san inda zai ce to, ya san inda zai ce a'a, kuma yana shirye ya sha zargi daga gefe biyu. Ku kuma da kuka sare kurmin bayan gari kuna cewa ba ku tsoron dodo, madalla, kada ku ji tsoronsa. Amma Wanda ya shuka itatuwan nan bai tafi ko'ina ba, kuma zai tambaye ku.